Angona Ba Ya Jin Hausa

Ni fa ban taɓa sha'awar Turanci ba. Tun ina da ƙuruciyata nake kan keken ɗinki, da awo da almakashi na ci na sha, na aurar da 'ya'ya huɗu, babu wanda ya taɓa tambayata Turanci kafin ya karɓi rigarsa. Abin da ya zaunar da ni a gaban allo da furfurata jikana ne, ɗan Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yata, nas ce. Aiki ya kwashe ta da mijinta zuwa wata ƙasa mai nisa, can ta haifi yaron, can ya yi wayo. Sau ɗaya aka kawo mini shi yana jariri, na goya shi, ya tsula mini fitsari a baya, suka ɗauke abinsu suka koma. Tun daga nan sai a waya. Duk ranar Lahadi bayan la'asar Auta za ta kira, in jingina wayar da gwangwanin maɓallai a kan teburin yanka, in ga fuskarsa ta cika gilashin. Shekararsa shida. Goshin kakansa marigayi ne da shi sak, ga kunnuwa fato-fato irin na gidansu. Hausa kuwa, ko zo in kashe ka bai sani ba.

Haka muke yi: uwar ta ce ya gaishe ni, ya faɗi wani abu, ta ce, "Umma, yana gaishe ki." In ce ina amsawa, yaya makaranta. Ta juya masa, ya faɗi wani abu, ta ce, "Ya ce lafiya lau." Shi ke nan sai ya zame ya tafi wasansa, ni kuma in zauna ina kallon bangon falonsu.

To ni ba gaisuwa nake nema wurin jika ba. Gaisuwa ai ta surukai ce. Jikokina na nan, 'ya'yan yayyenta, in sun shigo shago sai na ɓoye alli da tef. Su ce mini tsohuwa mai ran ƙarfe, in ce musu mazajen banza, marowata, ko sabulu ba su taɓa saya mini ba, na fasa auren. Ɗaya ya ce shi ma dama ya gaji da ni, zai nemo yarinya. A gidanmu haka kaka take son jika, da tsiya. Wanda na fi zagi shi na fi so, kuma kowa ya san haka, har faɗa suke yi a kan wa na fi yi wa wulaƙanci. Shi kuwa wancan na waya, wanda na fi tunawa in na kwanta, ban taɓa zaginsa ba ko sau ɗaya. Abin yana cina.

Na gwada ta bakin uwarsa. Na ce, "Auta, gaya wa angon nan nawa ya cika rowa, kuma ya rame kamar ba a ba shi abinci, ni na fasa."

Ta yi dariya, ta juya ta yi masa wata 'yar gajeriyar magana. Yaro ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Ke, me kika ce masa?"

"Na ce kin ce kina kewarsa."

"Haka na ce? Yaushe na ce haka?"

"Umma, abin naki ba ya fassaruwa."

Na ce to madalla, na gode, zan koyo da kaina.

Ƙanin marigayi mijina tsohon malamin Turanci ne, ya yi ritaya, yana koyar da masu shirin jarrabawa a wani ɗaki da ya ware a ƙofar gidansa. Benci biyu, farin allo, da fanka mai kukan da sai ka ɗaga murya. Mutanen layinmu Malam Akwai-Bambanci suke ce masa, don ba ka isa ka ce abu kaza da abu kaza ɗaya ne a gabansa ba. Da na shiga na gaya masa abin da ya kawo ni, sai da ya cire tabarau ya goge.

"Matar Yaya, ke da kika ce Turanci yaren masu ciwon hanci ne?"

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Za ka koya mini ko in nemi malamin kirki?"

Muka fara, kullum da hantsi kafin ɗalibansa su taso daga makaranta. Shi Malam ba ya ba ka kalma ita kaɗai. In ya ba ka ɗaya sai ya jawo 'yan uwanta ya jera su a allo, ya ce, "Gida ɗaya suka fito, amma kowacce da halinta." Ga see, ga look, ga watch. Na ce duka ai gani ne, mutanen nan ba su da aikin yi. Ya ce a'a, akwai bambanci. Ta farko abu ne ya faɗo a idonki ba ki nema ba. Ta biyu ke kika juya kika duba. Ta uku kuwa kin zauna kin zuba masa ido, kina bin motsinsa. Na yi kwana da kwanaki ina cakuɗa su, yana buga allo da murfin alƙalami, ina ce masa ya bi ni a hankali, ni na yi masa wankin kayan makaranta yana ɗan ƙwailo.

Ran nan ina shago wata ta kawo shuɗin yadi, na jawo akwatin zare ina gwadawa. Shuɗi ya kai kala biyar a ciki, duka sunansu shuɗi, amma in ka ɗinka da wanda ba shi ba, mai riga na fita rana ɗinkin zai tona maka asiri. Nan take na gane abin da mutumin nan yake ta fama da ni a kai. Daga ranar ni ce mai tambaya. In ya ce hear, in ce ina 'yar uwarta? Ya ce listen, wato ki kasa kunne da gangan. In ce ƙaro.

Wata Lahadi yaron ya zo da takarda ya manna ta a gilashin waya, ya zana mota mai ƙafa shida. Ya yi wata magana da sauri, a ciki na tsinci look. Kafin Auta ta buɗe baki na ce, "I am looking." Wayyo Allah! Yaro ya sauke takarda ya zaro ido, ya juya wurin uwarsa yana ihu, wai Kaka ta yi magana. Ya ruga ya kwaso zane-zanensa kaf, yana nunawa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ta maimaita kalmata guda kamar aku. Ranar ban iya komawa kan keke ba, na rufe shago da wuri na je na ba Malam labari, bakina har kunne.

Daɗin nan ne ya ja ni. Washegari na ce, "Malam, yau zagi za ka koya mini."

"Subhanallahi. Wa za ki zaga?"

"Angona mana. Yaya ake cewa ramamme?"

Ya tashi ya rubuta uku a jere: slim, thin, skinny. Ya ce ta farko yabo ce, mutum siriri mai kyan tsari. Ta tsakiya faɗin gaskiya ce kawai, ba yabo ba zagi. Ta ƙarshe kuwa fata da ƙashi, ita ake jifar mutum da ita. Na ce marar jin magana fa? Ya rubuta naughty, bad, wicked. Ya ce ta farko ta yara ce, ɗan ƙiriniya, uwa ma tana faɗa tana dariya. Ta ƙarshe kuwa mugu ne, mai baƙar zuciya. Na sa ya ba ni ta mummuna da ta malalaci, ya bayar yana girgiza kai.

Na nuna na ƙarshen kowane layi na ce, "Waɗannan nake so."

"Matar Yaya, ɗauki na farko. Yaron nan bai san wasan ba."

"Jininmu ne, zai sani. Kai da wace kalma kakarka take kiranka? Ɗan siriri mai kyan tsari?"

Ya yi dariya har da tari. "Ƙwarangwal take ce mini."

"To ka gani."

"Amma ni a cinyarta nake zaune in tana faɗa, tana ɓare mini lemo. Shi a waya zai ji."

Na ji shi sarai, ba wai ban gane bambancin ba. Na gane shi tsaf, shi ya sa ma na zaɓi masu zafin. A wurina kalma mai sanyi ta baƙo ce. Yaya zan ba sauran jikoki zagi mai kauri, shi in ba shi tsarki-tsarki kamar ɗan maƙwabta? Na kwashe sati ina haddace su a kan keke, ina taka feda ina jerawa.

Lahadi ta zo. Na jira har Auta ta ce bari ta duba tukunya, ta bar shi shi kaɗai da waya. Na gyara ɗaurin ɗankwali, na tsuke fuska irin yadda nake yi wa na nan, na nuna shi da yatsa.

"You, my husband. You are skinny. You are ugly. Lazy, wicked boy. I don't want you."

Ban yi kuskure ko ɗaya ba, Malam da kansa da ya ba ni maki cikakke. Na zauna ina jiran ya ƙyalƙyale ya rama.

Yaro ya yi tsuru. Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Me?" Na ɗauka wasan ya fara kamawa, na gyaɗa kai ina dariya, na sake maimaita masa I don't want you ɗin. Sai na ga leɓensa na ƙasa yana rawa. Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Hawaye kawai suka zubo, ya ajiye wayar a hankali, na koma ina kallon silin ɗinsu. Ina jin muryarsa can ciki yana gaya wa uwarsa, ina jin uban ya fito yana tambayar me ya faru. Auta ta ɗauki wayar, fuskarta ba annuri.

"Umma, me kika ce masa?"

"Wasa nake yi masa, ke ma kin san wasa ne."

"Ni na sani. Shi bai sani ba. Umma, yaran ajinsu da kalmar nan skinny suke tsokanarsa, ita da kunnuwansa. Watan jiya sai da na je makarantar. Yanzu yana tambayata me ya yi miki da ba kya sonsa."

Na buɗe baki, Hausa ta ƙi zuwa, Turancin ma ya gudu. Ta ce za ta kira, ta kashe.

Lahadin da ta biyo baya bai zo ba, wai yana barci. Ta gaba wai ya fita da babansa. Ta gaba kuma Auta ba ta ma yi mini ƙarya ba, ta ce, "Ya ƙi, Umma. Ki ba shi lokaci." Ina hango gefen rigarsa yana wucewa ta bayan kujera, ya raɓa bango don kada waya ta kama shi. Na yi kewar yaron nan kamar raina zai fita. Abinci ya daina yi mini daɗi. Jikokina na nan in sun shigo suna tsiyarsu sai in ba su alli in ce su je waje, har babban ya tambayi uwarsa ko ba ni da lafiya.

A cikin kwanakin ne na yanka masa riga. Ni da nake kallon mutum sau ɗaya in faɗi faɗin kafaɗarsa, ban san awon jikana ba, ban taɓa ɗora masa tef ba. Da hannun ƙofar falonsu na kwatanta, don na taɓa ganin ya tsaya kusa da shi, kansa ya ɗan wuce. Na ɗinka, na yi mata aljihu biyu saboda na lura yana son tara tarkace. Da na gama na rataye ta a ƙusa bayan keke, don ban san wanda zai kai ba, ban kuma san ko za ta shige shi ba.

Na koma wurin Malam. Ya dube ni ya ce, "Na gaya miki." Na ce ya faɗa sau ɗaya ya isa, in ya ƙara sai na fasa masa allo. Bai ƙara ba. Ya tashi ya rubuta kalmomin ban haƙuri, su ma ashe gida guda ne. Akwai wadda ake faɗa in za ka wuce ta gaban mutum, akwai ta takardar ofis, akwai wadda take fitowa daga ciki. Ya ce ta ƙarshen zan ɗauka, sorry, in kuma haɗa da cewa ina sonsa.

"Ni in ba jika haƙuri? A ina aka taɓa yi?"

"A waya," in ji shi.

Na yi. Auta ta riƙo shi a jikinta, yana kallon ƙasa, na faɗi abin da aka koya mini kamar 'yar firamare. Ya ɗago ya dube ni, ya ce ba komai, uwar ta shafa kansa. Daga nan ya dawo zuwa waya.

Ya dawo, amma me? In ce yaya makaranta, ya ce lafiya. In ce masa clever, in ce masa handsome, duk kalmomin farkon layi, masu sanyi, waɗanda Malam ya tabbatar mini ba sa cizo. Shi kuma ya ce, "Thank you, Grandma," hannuwansa a kan gwiwa, yana satar kallon uwarsa ko ya isa ya tashi. Yanzu ina jin kusan rabin abin da yake faɗa ba tare da tafinta ba, amma hirar tamu ta zama irin ta layin asibiti. Zanen ma ya daina kawowa. Malam ya ce akwai kalmomi na tsakiya, masu ɗan yaji kaɗan, irin su silly da cheeky, wai da su kakannin can suke tsokanar jikoki. Na haddace su. Duk Lahadi suna bakina, in na dubi idon yaron sai in haɗiye, tsoro nake ji.

Ana nan sai haƙorina na gaba, wanda ya daɗe yana girgiɗi, ya tashi da ciwon da ya kai ni wurin likita, aka cire shi. Likitan ya ce in dawo ranar Alhamis a auna a sa mini na roba. Ranar Lahadi na zauna gaban waya da gefen mayafi a bakina, don ba na son surukina ya gan ni da wawulo.

Yaron ya zo da kansa ranar, ba a kira shi ba, yana ta tsalle. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya taɓa gilashi, ya wage baki. Ashe shi ma nasa na gaba ya fita, ga rami nan, yana tura harshe ta ciki. Dariya ta ƙwace mini, na tafa hannu, mayafi ya zame.

Ya tsaya cak. Ya ƙura wa bakina ido. Sai ya nuna ni da yatsa ya fashe da wata irin dariya har yana faɗuwa kan kujera.

"Grandma has no teeth! You are an old baby! Old, old baby!"

Na ji kowace kalma, babu wanda ya fassara mini. Tsohuwar jaririya! Ni yaron nan ya kalla ya ce wa tsohuwar jaririya. Wallahi tun da aka haife shi ban ji daɗi irin na lokacin ba. Na shiga lalube a kaina da me zan rama. Masu zafin ba na taɓa su har abada. Masu sanyin kuwa in na faɗa na kashe wasan. Ta tsakiyar nan nake nema, wadda na yi sati da satittika ina haɗiyewa, ga ta a kan harshena, silly ce ko cheeky, wacce ce ta mai baki, wacce ce ta mai wauta?

Ban kai ga zaɓa ba muryar Auta ta faɗo daga bayansa kamar tsawa. Da Turanci ta yi, amma na ji ta. Ta ce wannan rashin kunya ne, haka ake yi wa Kaka magana, maza ya ba ni haƙuri. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya miƙe zaune, ya mayar da hannuwa kan gwiwa, ya rufe bakinsa.

"Sorry, Grandma."

Ya sauka daga kujera ya fita.

"Auta!" Ban san na yi ihu haka ba, sai da mai shagon kusa ya leƙo. "Wa ya sa ki? Wa ya aike ki? Yaro ya zage ni, shekara shida ina jira, ki ce ya ba ni haƙuri?"

"Umma, ni na ga kamar..."

"Kamar me? Ke da wane suna kike kiran uwata? Ba ke ce kike ce mata buhun ƙashi ba, tana bin ki da muciya kuna dariya?"

Sai na ga ta sa bayan hannu ta share ido.

"Na manta, Umma. Wallahi na manta."

Ta tashi ta je kiransa. Ina jin ta tana lallashi a ɗaya ɗakin, ina jin ya ce a'a, yana wasa. Ta dawo ita kaɗai ta zauna. Muka dubi juna, ni da 'yata, kowa ido ya yi ja.

Na ce, "Ran Lahadi ki ba shi wayar ki shiga kicin, ki rufo ƙofa. Ko me kika ji kada ki fito."

Ta ce to. Can ta ce, "Haƙorin fa? Kin ce ran Alhamis za a sa miki sabo."

Na ce, "Ba zan je ba. A bar shi haka."